Takardar tambayoyi ko hira? Zaɓen hanyar bincike a ƙauyukan Kano da Jigawa

Duk ɗalibin da ke karanta ilimin zamantakewa ko tattalin arziki ko kimiyyar siyasa, a Jami'ar Bayero ne ko ta Tarayya da ke Dutse ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, in ya kai ajin ƙarshe sai ya ci karo da babi na uku na kundinsa, inda ake so ya faɗi hanyar da zai bi ya tattaro bayanai. Abin da aka saba sananne ne. A ɗauko kundin wanda ya gama bara, a kwafi lissafin Taro Yamane na fitar da yawan mutanen da za a tambaya, a fito da mutum 400 ko abin da ya kusanci haka, a buga takardar tambayoyi, a nufi ƙauye. Hanyar ba ta da laifi a karan kanta. Laifin shi ne an zaɓe ta tun kafin a san abin da ake nema, kuma kafin a tambayi kai wane ne a garin yake riƙe da amsar, da irin zaman da zai sa ya yarda ya faɗe ta.

Bari mu ɗauki batu guda mu gwada hanyoyin a kansa. A ce kana so ka yi bincike kan bashin noma tsakanin manoman shinkafa a Kura ko Bunkure, inda ake ban-ruwa da ruwan Tiga, ko a Auyo da ke kwarin Haɗeja. Na zaɓi bashi da gangan, domin abu ne da kowa ya san yana nan, amma ba kowa ke son a ji nasa ba.

Takardar tambayoyi ita ce kaɗai za ta iya gaya maka yawa: kashi nawa na manoma suka ci bashi a daminar da ta wuce, nawa suka karɓa daga dillalin shinkafa, nawa daga ɗan'uwa, nawa daga ƙungiya ko banki, kuma ko masu ƙaramar gona sun fi masu babba shiga bashi. Idan tambayarka ta fara da "nawa" ko "su waye suka fi", babu wata hanya da za ta maye gurbinta. Hira da mutum 20, komai daɗinta, ba za ta ba ka damar cewa "rabin manoman Kura" ba. Sai dai takardar kamar mudu take. Za ta gaya maka yawan hatsin, ba za ta gaya maka ko da ƙwari a ciki ba. Kuma tana da sharuɗɗa waɗanda a ƙauye suke da wuyar cikawa fiye da yadda littattafan koyarwa ke nunawa.

Sharaɗi na farko shi ne yadda aka zaɓo masu amsawa. Lissafin Yamane na 1967 da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 duk an gina su ne a kan cewa kana da jerin sunayen kowa, kuma ƙuri'a ce ta fitar da waɗanda za ka tambaya. Lissafin kansa ba wuya: gari mai gida 500 zai ba ka 222, mai 2,000 zai ba ka 333, ƙaramar hukuma mai mutum 200,000 ta ba ka 399. Shi ya sa kowane kundi yake ƙarewa a kusa da 400. To amma ina jerin? Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, duk wani adadin mutanen gari da ka gani bayan nan hasashe ne. Ɗalibin da ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Zariya ya tare mutum 400 bai yi ƙuri'a ba, ya tambayi masu zama a bakin titi ne: mai shago, ɗan acaɓa, dillali, da wanda ba ya gona a ranar. Robert Chambers, masanin raya karkara, ya daɗe da jan kunne kan wannan tun 1983, cewa mai bincike daga birni yakan tsaya inda kwalta ta tsaya, ya zo da rani lokacin da hanya ke da kyau, ya gana da maza masu faɗa a ji, ya koma yana zaton ya ga karkara.

Maganin yana da wahala amma ba tsada. Ka rage faɗin wurin. Maimakon ƙaramar hukuma gaba ɗaya, ɗauki unguwanni biyu ko uku, ka zauna da mai unguwa da wani matashi da ya san gari, ku bi lungu-lungu ku rubuta kowane gida. Daga wannan jeri sai ka ɗauki kowane gida na biyar, ko ka rubuta lambobi a takarda ka zuba a ƙwarya a ɗebo. Mutum 100 da aka zaɓo haka za su ba ka amsar da kuskurenta bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba, 400 kuma kusan kashi 5. Amma 400 na bakin titi ba wanda ya san girman kuskurensu, ko kai da ka tara su.

Sharaɗi na biyu shi ne ka san abin da kake ƙirgawa. Gida ɗaya a ƙauyen Kano yana iya ɗauke da mutum 30 ko fiye, da sassa huɗu, da tukwane uku. Akwai gandu da ake nomawa tare a ƙarƙashin maigida, akwai gayauna da kowane ɗa ko ƙane ke nomawa don kansa. Idan ka tambayi maigida "kun ci bashi bana?" zai ba ka labarin gandu ne. Bashin da ɗansa ya ci don gayaunarsa wataƙila bai ma sani ba, balle na matarsa da ta karɓi shanshera bashi tana turarawa tana sayarwa daga cikin gida. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana ɗaukar masu kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali guda. Kana iya bin wannan, kana iya bin gandu, amma ka yanke tun kafin ka fita, ka kuma rubuta a kundin wanda ka bi.

Haka batun awo. Manomi ba ya lissafi da hekta ko kilo. Yana lissafi da buhu, da dami, da tiya ko kwano, da mangalar taki, da yawan irin da gona ke ci. Ka bar shi ya amsa da awonsa, kai ka je kasuwar garin ka auna kwanonsu a sikeli, domin na wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Girman gona kuwa, binciken da Bankin Duniya ya yi a ƙasashen Afirka da dama ya nuna masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya kuma su faɗi ƙasa da haka. Yanzu wayar hannu tana auna gona in ka zagaya iyakarta da ƙafa, kuma manhajar KoboToolbox ta cike takardar tambayoyi a waya tana aiki ko babu intanet. Shekaru ma haka: za ka ga amsoshi sun taru a 30 da 40 da 50. Gara ka tambaya ko an haifi mutum kafin a raba Jigawa da Kano a 1991, ko yana da wayo lokacin rikicin Maitatsine na 1980.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai, wato me mai amsawa yake zaton kai ne. Dattawa ba su manta da haraji da jangali ba, waɗanda sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar jihar Kano. Baƙo da biro yana tambayar yawan shanu da buhunan da aka samu, a idonsu ba alheri ya kawo ba. Matasa kuma akasin haka suke gani, suna zaton sunan da ake rubutawa na rabon taki ne ko tallafi, sai kowa ya zama matalauci na ƙarshe a gari. Ɗaya ya rage, ɗaya ya ƙara, kuma takarda ba ta da bakin da za ta ce "Baba, ɗazu fa kun ce buhu 12." Idan batunka ya shafi lafiya, to ka ƙara da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Mutane suna da dalilin ɗari-ɗari da takardar da aka ce su sa hannu ko su dangwala. Ka yi bayanin kanka a fili, ka ce kai ɗalibi ne, babu abin da za a raba, ka nemi izini da baki in kwamitin makarantarku ya amince da hakan.

Kada kuma ka yaudari kanka cewa za ka raba takardu a cike maka. Da yawa daga manoman da za ka tarar sun fi sakewa da ajami ko Larabci a kan boko, wasu kuma karatun bai samu ba. Kai za ka karanta, da Hausa, ka cike. In kowace ta ci minti 40, guda 400 sun kama awa 260 da ɗoriya, ban da tafiya da gaisuwa da jiran wanda ya tafi gona. Jerin nan na Likert mai matakai biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", a bakin dattijo mai kara yakan koma "haka ne" daga farko har ƙarshe, domin ba ya son ya musa wa baƙo. Tambayi abin da mutum ya yi, ba abin da yake ganin ya dace ba.

Wannan ba ya nufin ƙidaya ba ta yiwuwa a karkara. David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi ta a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi wajen 1966 zuwa 1967, kuma alƙalumansa ne suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce mai riba da rage asara, ba jahilci ba kamar yadda malaman gona na lokacin ke ɗauka. Christopher Udry ya bi gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu na Zariya a 1988 zuwa 1989 kan wannan batu namu na bashi, ya gano cewa yawanci tsakanin waɗanda suka san juna ake yin sa, ba rubutu ba jingina, kuma abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon abin da ya sami mai bin bashin ko wanda ake bi. Amma lura da abin da ya haɗa su biyun: ba zuwa ɗaya suka yi ba. An yi ta komawa gidajen nan har shekara ta zagayo.

Hira mai zurfi tana amsa wata tambaya dabam: yaya abin yake faruwa, kuma me ya sa. Me ya sa manomi zai karɓi kuɗin taki a hannun dillali da sharaɗin biya da shinkafa a farashin kaka, alhali ya san bayan wata huɗu buhun zai yi tsada? Takarda za ta ba shi zaɓi huɗu da kai ka ƙirƙira a ɗakin kwananka. Hira za ta bar shi ya gaya maka cewa dillalin nan ne ya kai matarsa asibiti da ta zo haihuwa, ko cewa banki na son takardar gona shi kuwa gonar aro ce ko ta gado da ba a raba ba. Irin wannan amsa ba za ka taɓa sa ta a cikin zaɓi ba, tunda ba ka san da ita ba.

Amma Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba wanda zai zazzage maka bashinsa a zama na farko, a gaban jama'a, da waya a kunne tana naɗa. Sai ka bi ta ƙofa: takarda daga makaranta, gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, "ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni", sannan mai unguwa. Bayan nan ka roƙi a bar ka kai kaɗai, domin in ɗan rakiyar da fada ta haɗa ka da shi yana zaune, abin da fada ke son ji za a faɗa. Ka fara da gona, da ruwa, da tsuntsayen da suka addabi shinkafa, da ciyawar kacala da ta toshe magudanai in a kwarin Haɗeja kake. Maganar kuɗi za ta zo da kanta. Kuma "Baba, a garin nan in mutum ya rasa kuɗin taki, ina yake nufa?" ta fi "kun ci bashi?" buɗe baki nesa ba kusa ba.

Akwai ƙofar da namiji ba zai shiga ba ko da takardar wa ya zo. A gidajen da ake kulle, rabin tattalin arzikin gari yana bayan "ba shiga": adashi, bikin da mata ke yi wa juna, kiwon awaki, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, turara shinkafa, duk yara na kai wa da komowa da talla. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta Katsina a 1967 sannan ta yi aiki a Ɗorayi kusa da Kano a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa cinikin hatsi mai yawa a cikin gidaje yake gudana a hannun mata, inda mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai gan shi ba. Labarin rayuwar Baba ta Karo da aka buga a 1954 ma ya samu ne don mace ce, Mary Smith, ta zauna da ita a 1949 da 1950, yayin da mijinta M. G. Smith ke nasa aikin da maza. Don haka ɗaliba mace tana da dama a nan da abokan karatunta maza ba su da ita, kuma abin takaici ne a ga ta bar ta ta bi layin takarda 400. Namiji kuwa ya nemi mataimakiya, ya horar da ita sosai, ya kuma gaya mata ta kula da kunya: mace na iya tsallake ɗan fari in tana lissafa 'ya'yanta, ko ta sa ɗan riƙo a ciki, kuma ba za ta ambaci sunan miji ba.

Mutum nawa za a yi hira da su? Babu lissafin Yamane a nan. Ana ci gaba har sai sabon mutum ya daina kawo sabuwar magana. Wani nazari da Greg Guest da abokan aikinsa suka buga a 2006, kan hira 60 da mata a Ghana da Najeriya, ya nuna yawancin batutuwan sun riga sun fito a hira 12 na farko. Sai dai matan nan yanayinsu kusan ɗaya ne. Kai da kake da manoma masu gona, da masu aro, da dillalai, da mata masu turara, kowane rukuni na bukatar nasa kason. Kuma kada ka ɗauka hira ce hanya mai sauƙi. Naɗin awa ɗaya yakan ci awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da shi rubutu, sannan a karanta a sake karantawa ana ware batutuwa. Wahalar takarda a rana take, wahalar hira a kan tebur take da dare.

Zaman tattaunawa na rukuni, mutum shida zuwa goma a inuwa ɗaya, shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ɗalibai na ɗaukarsa a matsayin hira da mutum takwas a farashin ɗaya. Ba haka ba ne. Abin da zai ba ka shi ne abin da gari ya yarda a faɗa a fili: yadda ake rabon ruwa, watan da abinci ke ƙarewa a rumbu, sunayen ire-iren bashi da ƙa'idar kowanne. A nan yana da kyau ƙwarai, domin wani zai gyara wa wani. Amma ba wanda zai ce "ni ne ake bi buhu takwas" a gaban surukinsa, kuma in akwai Alhaji mai ba da bashin a zaune, kowa zai ce Allah ya saka masa da alheri. Raba dattawa da matasa, raba mata da maza, kuma in mai unguwa ya nace sai ya zauna, yi masa tasa hirar ta girmamawa daban.

Saura zama cikin gari da lura da ido. Gani ya kori ji, kuma ita ce hanyar da ke kama tazarar da ke tsakanin abin da mutane ke faɗa da abin da suke yi. Wanda ya tsaya a bakin gona ranar casa zai ga buhu nawa ke hawa motar dillali kafin ɗaya ya shiga gida. Wanda ya je Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis a watan da ake neman kuɗin taki zai ga wa ke sayar da ɗan rago, da wa ke saye. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Bayero, ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri a arewa maso gabashin Jigawa tun daga lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 har cikin na 1980, kuma ta haka ne ya iya nuna yadda iyalai ke jure fari da cin-rani da sana'o'in gefe. Wannan ita ce hanya mafi zurfi, kuma ita ce mafi ƙarancin dacewa da ɗalibin digirin farko mai wata uku. Bashi ana cin sa da bazara ko farkon damina, a biya da kaka. In ba ka ga duka biyun ba, rabi ka gani. Banda ɗan gari da ke zuwa gida kowane hutu, wanda shi kuma tasa matsalar ita ce ya saba da komai har ba ya ganinsa, kuma wasu za su ɓoye masa abin da za su gaya wa baƙon da zai tafi gobe.

To wanne za a ɗauka? Ga yadda nake gani. Ɗalibin digirin farko, shi kaɗai, da kuɗin aljihunsa, ya ɗauki unguwa ɗaya ko biyu, ya fara da hira 10 zuwa 15 da zaman rukuni biyu, daga abin da ya ji ya gina gajeriyar takarda mai tambaya 20 ko 25 da kalmomin mutanen garin da awonsu, ya gwada ta a maƙwabcin ƙauye, sannan ya cike ta da gida 100 zuwa 120 da ƙuri'a ta fitar. Wannan tsari na hira kafin takarda ya fi akasinsa amfani ga wanda bai san wurin ba. Mai digiri na biyu da ke son gwada alaƙa tsakanin abubuwa, kamar girman gona da shiga bashi, ya fara duba bayanan da aka riga aka tara: binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010 yana komawa gidajen da ya riga ya tambaya bayan kowane 'yan shekaru, yana da sashen noma da na bashi, kuma ana sauke shi kyauta. Rauninsa shi ne ba zai ba ka hoton ƙauye ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya ba, sai dai na shiyya. Wanda batunsa ya shafi abin kunya ko abin tsoro, kamar mutuwar aure, ko rikicin manoma da makiyaya, ko shaye-shayen matasa, ya ajiye takarda ya yi hira, ɗaya bayan ɗaya, ya sauya sunaye, wani lokaci har sunan garin. Mai digiri na uku ne kawai ke da lokacin da zai ga damina da kaka da rani a wuri ɗaya, kuma in yana da shi bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Lokacin fita ma yana cikin zaɓin. Daga Yuni zuwa Agusta manomin tudu ba shi da lokacinka sai bayan la'asar, kuma hanyoyin Auyo da Guri da Kiri Kasamma ruwa na iya yanke su. Da rani za ka sami hanya amma samari da yawa sun tafi cin-rani, sai dai a wuraren ban-ruwa inda aiki ba ya tsayawa. Bayan kaka, wajen Nuwamba da Disamba, mutane na gida kuma lissafin abin da aka girbe da abin da aka biya bai gushe daga ka ba. Ranar kasuwar garin ba ranar bin gidaje ba ce, haka ma safiyar Juma'a da yammacin azumi.

Idan malamin da ke duba aikinka ya nace sai ya ga jadawalin SPSS, wato manhajar tantance alƙaluma, kada ka yi jayayya a kan falsafa. Kai masa tambayoyin bincikenka a rubuce, kowace da hanyar da za ta amsa ta a gefenta, da lissafin kwanaki da kuɗin mota da na mataimakiya. Yawancin malamai sun fi yarda da gida 110 da aka nuna yadda aka zaɓo su a kan 400 da kowa a ɗakin kare kundi ya san an cike rabinsu a hostel.